Tambayoyin da Ban Yi Miki Ba

Tambuwal, ranar Asabar da hantsi

Zuwa ga yayar Zulai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin masu tare ta, ya kai ki ɗakinki da ƙafafunki. Za ki tarar da ita a ƙasan jakarki, tsakanin ledar yaji da kwalbar man shanu. Da gangan na sa ta can. Na san ba za ki kwance jakar ba sai kin isa Sakkwato gobe, lokacin ba kya ganin fuskata, ni ma ba na ganin taki.

Kin san ba mu saba da irin wannan ba. Ke ce 'yar farina, kuma shekara ashirin da ɗaya ke nan ban taɓa kiran sunanki ba. In ina nemanki sai in ce "ke", ko in sa Zulai ta kira yayarta. Ke kuma Adda kike ce mini, kamar yadda ƙannena suke cewa, tunda a hannun Inna, mahaifiyata, kika tashi a Fakku daga ranar da aka yaye ki. Haka muka tarar ana yi, uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi. Ban taɓa ganin aibin haka ba. To, yau dai kunya ba za ta yi mini aiki ba, saboda abin da kunnena ya ji jiya ya hana ni cin tuwo. Na baro gida na zo makarantar da nake koyarwa na buɗe aji ɗaya, ina zaune a kan bencin yara nake rubuta miki.

Jiya bayan la'asar na zagaya bayan rumbu in ɗebo wa awaki harawa, kina can kina waya. Ban yi laɓe ba, kada ki ce na yi. Muryarki ce ta zo ta same ni. Na ji kin ce: "Kai dai ka rubuta shi duka, da hirar da amsoshin. Ka sa yarinya 'yar sha fuɗu. Ni ba ni da lokacin zama da kowa." Mutumin ya faɗi wani abu, sai kika yi dariya kika ce: "Wa ka ganewa? Mun fi ɗari cikin ajin ga." Na tsaya da harawa a hannu har akuya ta zo ta fizge ta ban sani ba.

Na gane aikin da kike nufi, don da safen nan na wanke miki kaya, na tarar da takarda a aljihun doguwar rigarki. Takardar tsarin kwas ce, ta kwas ɗin nan na tasowar matasa, inda ake koya muku yadda yaro ke canzawa daga ƙuruciya zuwa balaga. Shafi biyu ce. Na farko ya sha hannu, har kin rubuta lambar wayar wani mai shagon kwamfuta a gefensa, na san shi ne mutumin jiya. Na biyu kuwa fes yake, ko alamar lanƙwasa babu a inda aka maƙale su. Ba ki taɓa buɗe shi ba. Ni na karanta miki shi, har sau biyu.

Jarrabawa maki sittin ce. Gwajin tsakiyar zango goma. Zuwa aji da yin magana a cikinsa goma. Sai aikin hira, maki ashirin: ki sami matashi ɗaya, ki zauna da shi sau uku a ranaku daban-daban, ki yi masa tambayoyi goma sha biyu da aka jera, ki rubuta amsarsa da kalmominsa, ki ɓoye sunansa, uwa ko uba su sa hannu cewa sun yarda. Wannan duk kin sani. Abin da ba ki sani ba yana can ƙasan shafi na biyu. Bayan an karɓi aikin, malaminku zai kira ku ofis ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa kowa tambayoyi a kan yaron da ya ce ya zauna da shi. Wanda aka samu da aikin ƙarya ba sifili kaɗai zai kwasa ba, takardarsa za ta wuce gaban kwamitin ladabtarwa. Ke kuwa kina kan gargaɗi tun bara da kika faɗi kwas biyu. Kin ɗauka ban sani ba, kin manta Zulai ba ta iya riƙe magana ko ta minti biyar. In kika shiga gaban kwamitin nan da gargaɗi a kanki, da akwatinki za ki dawo Tambuwal. Mako uku ya rage a karɓi aikin.

Ban gaya wa babanku ba. Yana can yana fama da shanu da yankan dawa, kuma duk wanda ya gaisa da shi a kasuwa sai ya ji cewa 'yarsa tana jami'a, ko bai tambaya ba.

Kafin ki ce Adda ta fara wa'azin nan nata na malaman firamare, ki saurara. Wannan kwas ɗin na yi shi, kuma na faɗi shi, faɗuwa mai muni. Shekara takwas ke nan, lokacin da nake karatun digiri na hutu, wanda malamai ke zuwa Sakkwato su yi in an rufe makarantu. Ke kina Fakku, kina da shekara goma sha uku. A gida na ce wa kowa sakamakona ne ya ɓace a ofis, shi ya sa na ƙara shekara. Ƙarya ce, babu abin da ya ɓace.

Malamarmu Dakta Rabi ce, wata gajeruwar mata mai tabarau, wadda ba ta taɓa ɗaga murya. Ranar farko ta raba mana takardar tsarin kwas, irin taki sak. Ni ta hannuna fifita na yi da ita, don ana zafi, da yamma kuma na naɗe ƙosai a ciki. Na yarda da kaina ƙwarai a lokacin. Ina da kai wajen hadda, tun ina ƙarama in na karanta abu sau biyu ya zauna, sai na ɗauka jarrabawa ce kaɗai abin tsoro, sauran duk wasan yara ne. Ranar gwaji ta zo daidai da sunan jikan ƙanwar Inna a Jabo. Na auna, na ga in ban je suna ba za a yi shekara ana maganata, gwaji kuwa maki goma ne kacal. Na tafi Jabo na sha fura. Da na dawo na je na ce wa Dakta an yi mana haihuwa ne, ta ce Allah ya raya, ta ci gaba da rubutunta. To, ki ciro taki takardar tsarin kwas ɗin, na mayar miki da ita cikin aljihun rigar. Ki karanta ta daga sama har ƙasa, ki rubuta ranakun a inda idonki ke faɗawa kullum. Goma-goman nan da ake rainawa su ne ke tsayar da mutum ranar da jarrabawa ta juya masa baya. In biki ya zo daidai da ranar gwaji, ki aiko da gaisuwa, ni zan tsaya miki wajen dangi.

Na biyu, ban taɓa buɗe baki a ajin ba. Can baya nake zama, na ja mayafi har goshi, saboda maza sun fi yawa, kuma har da shugaban makarantar da na taɓa aiki a ƙarƙashinsa. Dakta tana da ɗan littafi, duk wanda ya yi magana sai ta ɗiga masa alama. Ni na ɗauka masu surutu take rubutawa. Wata rana ta nuna ni da biro ta ce: "Malama ta baya, me ya sa yarinya in ta fara girma take janye jiki daga uwarta?" Na rufe baki da gefen mayafi, na kafe ido a kan tebur har ta gaji ta wuce. Maki goma na biyu ke nan suka tafi. Na san ke ma haka kike, halina kika kwaso, in an yi baƙi a gida sai an nemo ki a ɗaki. Ki ɗaga hannu ko sau ɗaya a mako. In amsar ta yi daidai to, in ba ta yi ba za a gyara miki, kuma alamar dai an ɗiga ta. Babu wanda zai tuna kuskurenki bayan an tashi, kowa da yunwarsa yake fita.

Waɗannan biyun da su kaɗai ne, da na tsallake. Na ukun ne ya kayar da ni, kuma saboda shi na zauna rubuta wannan takarda.

An sallame mu mako huɗu mu koma gida mu yi aikin hira kafin jarrabawa. Ga 'yan mata nan birjik a unguwa, da na leƙa gidan maƙwabta da na samu. Amma ke na zaɓa. Na gaya wa kaina wai don ba sai na roƙi kowa sa hannu ba, ni ce uwa, ni zan sa. Gaskiyar kuwa ita ce na ga hanya ta samu. Shekara goma sha uku ban taɓa zama da ke na minti goma ba, ga shi yanzu makaranta ce da kanta ta ce in zauna da ke sau uku. Wa zai ce na yi rashin kunya? Har sabon littafi na saya mai koren bango.

Damina ce, hanyar Fakku ta cika da taɓo, sau biyu mai kabu-kabu ya sauke ni na taka da ƙafa. Na tarar da Inna a tsakar gida tana kaɗa nono, matan gidan suna surfe. Ta dube ni ta ce: "Lafiya, Malama? Ba salla ba, ba suna ba." Na ce: "Makaranta ce ta aiko ni, Inna. Wasu tambayoyi nika son yi ma yarinyar ga." Ta ajiye maburgi. "Wace yarinya? Gidan ga 'yan mata sun yi shida. Hwaɗi sunanta mu ji." Matan suka saki taɓarya suka fashe da dariya, ɗaya har da guɗa. Inna ta ce: "Yau mun ga boko. Uwa ta taso tun daga Tambuwal hira da ɗiyar fari, har da littafi." Daidai nan kika shigo da bokiti a ka, ruwa yana zuba miki a wuya. Kika sauke, kika durƙusa kika gaishe ni. Na kawar da kai na amsa wa bango. Littafin yana ƙarƙashin mayafina, a nan ya wuni.

Kada ki ɗora wa Inna laifi, Allah ya jiƙanta. Zolaya ce take yi, kuma da na daure na ce a ba mu wuri, da ta ba mu ɗakinta ta rufe mana ƙofa. Ni ce na kasa. Mako na biyu na koma, na same ki ke kaɗai kina wanke ƙorai a bakin rariya, babu kowa kusa. Na tsaya a kanki, tambaya ta farko tana bakina. Abin da ya fito shi ne: "Kin yi salla?" Kika ce: "Na yi, Adda." Na ce madalla, na wuce. Mako na uku na kawo miki takalmi, don in sami abin fara magana. Kika sa, dunduniyarki tana waje, kika ce ya yi daidai, kin gode. Ko girman ƙafarki ban sani ba. Na hau kabu-kabu na dawo da littafina babu ko ɗigo a ciki.

Saura kwana biyu mu koma, na zauna a ofishin malamai na amsa tambayoyin nan goma sha biyu da kaina, zama ɗaya. Tambaya ta huɗu ta ce, wa kike gaya wa damuwarki? Na rubuta: mahaifiyata. Ta goma sha biyu ta ce, me kike so ki zama? Na rubuta: malama, kamar mahaifiyata. Na tsara shi da kyau, na kawo maganganun masana daga littattafan da aka ba mu, na sa hannu a takardar yarda. Abin da ya fi ba ni kunya har yau shi ne na ji daɗin rubuta amsoshin nan.

Bayan mako ɗaya Dakta ta aiko a kira ni. Aikina yana gabanta, ta yi masa zane da jan biro. Ta ce in zauna, da Hausarta ta Kano.

"Malama, wannan yarinyar taki tana magana kamar wadda ta shekara goma tana koyarwa. Ko sau ɗaya ba ta ce 'ban sani ba'. Wace ce babbar ƙawarta?"

Na gyara mayafina.

"Yaushe ta yi kuka na ƙarshe, kuma a kan me?"

Na dubi fankar da ke sama.

"In ta ji kunya, me take yi da hannunta? Kin zauna da ita sau uku, ai kin gani."

Na sunkuyar da kai. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai ta ce, "'Yar wace ce?" Na ce, "Ɗiyata ta." Ta cire tabarau ta dube ni. "Ta fari?" Na gyaɗa kai.

Ta mayar da tabarau. Sannan ta ce: "Na san kunya, ni ma a gida aka haife ni. Da kin zo kin ce ba za ki iya ba, da na ce ki nemi 'yar maƙwabta. Amma kin ɗauki yarinya mai ranta, kin sa mata magana a baki. Ba zan kai ki kwamiti ba, sifili dai kin same shi." Ta miƙo mini takardar.

Ki lissafa da kanki. Babu gwaji, babu magana a aji, babu hira. Sai na ci arba'in cikin sittin a jarrabawa kafin in tsira, haddar tawa kuma talatin da uku ta ba ni. Abokan karatuna suka gama suka tafi, ni na sake shekara guda ina zarya a hanyar Sakkwato saboda kwas ɗaya. Kuma ki lura, ni rahama aka yi mini. Takardar malaminku ba ta bar masa wurin yin rahama ba, ya riga ya rubuta abin da zai yi.

Ban tsaya nan ba, sai da na ƙara wa kaina wata. Washegari na ɗauki kwalbar man shanu da ƙwan zabi na kai mata ofis, irin yadda muke zuwa ban haƙuri a gida. Wallahi ban ɗauke shi cin hanci ba, gaisuwa ce a wajena. Ta dubi ledar, ba ta taɓa ta ba, ta ce: "Mayar da shi. Ki kai wa yarinyar, in kin je ki tambaye ta ko tana so." Na fito da ledata, ɗalibai suna kallona, ƙwai biyu suka fashe mini a mota. Kada ki kai wa malami komai sai aikinki da tambayarki. In kina da matsala ki je kafin ranar karɓar aiki, ki faɗe ta yadda take. Bayan ranar, duk abin da kika riƙo roƙo ne.

Da shekara ta zagayo na sake aikin da wata 'yar maƙwabtanmu. A nan na ga abin da Dakta take nufi. Rabin amsoshinta "oho" ne da "ban sani ba". Na tambaye ta wa take gaya wa damuwarta, ta yi ta tsinkar zaren tabarma, can ta ce akuyarta. Na tambaye ta abin da take tsoro, ta ɗauko labarin wata ƙawarta da suka ɓata, ta yi kusan rabin awa a kai, har da hawaye. Haka na rubuta shi, da shirun da tsinkar tabarmar, ina tsoron za a ce aikin bai yi kyau ba. Sha shida cikin ashirin ta ba ni. Wannan shi ne abin da mai shagonki ba zai iya ƙirƙirowa ba. Yana da aiki ɗaya a cikin kwamfutarsa, yana canza suna da shekaru yana miƙa wa kowa, kuma ba shi za a kira ofis ba. Malaminku ya karanta irinsu ya fi a ƙirga. Tambaya biyu zai yi miki ki fara duban fanka.

Yanzu sauran abin da ya fi mini nauyi. Takardar nan mai jan biro ban ƙone ta ba, na sa ta a ƙasan akwatina. Bayan rasuwar Inna kika dawo wajenmu, kina da shekara goma sha biyar. Wata rana na aike ki ki ɗauko mini atamfa a akwatin, kika daɗe ba ki fito ba. Da kika fito kika miƙo atamfar, idonki a ƙasa, kina murza gefen zanenki da yatsa biyu. Ranar na san abin da kike yi da hannunki. Da na duba akwatin, an sake ninke takardar ba yadda na ninke ta ba. Ban ce komai ba, ke ma ba ki ce ba.

Sai lokacin cike takardar neman jami'a. Muna zaune a tsakar gida babanku ya ce: "To, mi kika son karantawa?" Ba ki dube shi ba, ba ki dube ni ba. Kika ce: "Ai Adda ta riga ta rubuta. Malama za ni zama." Babanku ya ji daɗi, ya ce gado ya yi kyau. Ni na tashi na shiga madafa, na tsaya ina hura wutar da take ci da kanta. Na san daga inda maganar ta fito, kuma na bar ki kika cike takardar.

Tun bara da na ji kin faɗi kwas biyu nake tambayar kaina. Ke ba daƙiƙiya ba ce, kin fi ni kai. Shin karatun ne ya yi miki wuya, ko kuwa kina zaune ne a ajin da ban taɓa tambayarki ko kina so ba? In haka ne, ƙaryar da na rubuta zama ɗaya ta ci miki shekara biyu. Jiya kuma na ji ki da kunnena kina shirin yin irinta. Na ji haushinki, ba zan ɓoye miki ba, har na so in zagayo in fizge wayar. Amma haushin kaina ya fi yawa, kuma tsoro ya fi su duka.

Ga abin da nake so ki yi. Kina gama karanta wannan, ki kira mutumin nan ki ce kin fasa, ki goge lambarsa. In ya riga ya turo miki wani abu kada ki buɗe, don in kika karanta zai manne miki a ka. Ranar Litinin ki je ofishin malaminku, ki ce da ƙanwarki kike so ki yi hirar, ki tambaye shi ko ya yarda. In ya ce a'a, gidan maƙwabta yana nan, na san wadda zan yi wa magana. Asabar uku suka rage, zama uku ake nema, babu ko ɗaya ta zubarwa. Ki shigo motar safe ki koma Lahadi, zancen kuɗin mota ki bar mini shi. In wata Asabar ta ƙi miki, ni zan kawo Zulai har ƙofar makarantarku. Na rubuta takardar yarda na sa hannu, tana ninke a cikin wannan.

Na riga na tambayi Zulai da safen nan. Shekararta goma sha huɗu cif, daidai yadda kika ce a rubuta. Ta riƙe ƙugu ta ce: "Ita za ta tambayata, ko ni za ni tambayarta? To na yarda, amma da sharaɗi. Duk abin da niy hwaɗi, kar ta gaya miki." Na ce na ji. Ki cika mata wannan sharaɗin, ko na tambaye ki kada ki gaya mini. In ta faɗi abin da bai yi miki daɗi ba kada ki gyara mata, kada ki yi mata faɗan yaya, ki rubuta yadda ta faɗa. In ta yi shiru ki jira. Ita da bakinta ba ya hutawa, za ki yi mamakin inda za ta yi shiru.

Ki gama kwas ɗin nan da gaskiya ko da arba'in cif za ki samu. Dalilina shi ne, ɗalibar da ke da sunanta a rajista tana iya neman canjin sashe, wadda aka kora kuwa ba ta da abin canzawa. In amsarki ba malanta ba ce, ni zan tsaya gaban babanku in gaya masa daga inda maganar ta samo asali, in ɗauki duk abin da zai ce. Amma sai kin tsira daga mako ukun nan tukuna.

A bayan wannan shafin na kwafe miki tambayoyina goma sha biyu na wancan lokacin, na bar wurin amsa babu komai. Babu maki a kansu, babu dole. Ran Asabar in kun gama da Zulai, zan shimfiɗa tabarma a bayan rumbu, inda babu mai yi mana dariya sai awaki. In kin ga dama ki zo ki amsa mini ko guda ɗaya. Ta goma sha biyu na fi so in ji. In kuma "ban sani ba" ce amsar, haka zan karɓe ta. Man shanun da ke jakarki ma ban san ko kina so ba, kullum dai ina sa miki.

Ni ma 'yar fari ce. Inna ta rasu ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ban riƙe ta a zuciya ba, na san tana sona, amma na so in ji ko sau ɗaya.

Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya raba ki da abokan banza, ya buɗe miki ƙirji, ya ba ki ƙarfin zuciyar da ni na rasa. Allah ya dawo mini da ke ran Asabar lafiya, Saratu. Na rubuta shi, kuma na faɗe shi da baki sau uku a nan cikin ajin da babu kowa, don bakina ya saba kafin ki zo.

Wassalamu alaikum.

Ni ce mahaifiyarki.